Mu Ƙirga Kafin Mu Kashe Kuɗin Makaranta

'Yan'uwa manoma, da kaka ne ƙungiyoyinmu na gama kai sukan zauna su duba abin da shekara ta kawo. A biya bashin taki, a ware kuɗin iri, a raba riba, sa'an nan a wurare da yawa akan keɓe wani abu domin makarantar firamare ta ƙauye. Wannan hali ne mai kyau, muna kuwa murna da shi. Amma mun zauna a irin wannan taro ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, mun ga yadda akan yanke shawarar abin da za a yi da kuɗin. Wani ya ce a sayi kwano a rufe ajin da iska ta yaye. Wani ya ce a'a, benci ya fi, gama yara a ƙasa suke zaune. Wata daga cikin mata ta ce a ɗauki ƙarin malami. A yi ta ja har rana ta yi sanyi, daga baya a bi maganar wanda ya fi murya, ko wanda ya fi furfura, ko wanda ya fi zubi a asusu. Ba wanda ya tambaya yara nawa ne a garin, nawa suke zuwa, nawa kuma suka iya karatu.

Abin mamaki, waɗannan mutane ɗin ba za su taɓa sayar da dawarsu ba sai da mudu. Ma'aji ba ya ba da buhun taki sai ya rubuta. A kan gona da kasuwa mun iya lissafi sarai, da an zo maganar makaranta kuwa sai mu koma ga "ina tsammani" da "a ganina". Hausawa sukan ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Wannan gaskiya ce a kan tsibin hatsi, gama idon manomi ya saba da shi tun yana ƙarami. A kan makaranta ido yakan ruɗi mai shi. Yana ganin rufin da ya yaye domin a bakin hanya yake. Ba ya ganin yarinyar da ta daina zuwa tun farkon damina, ba ya kuma ganin ɗan aji biyar da yake zaune tsaf cikin rigar makaranta, alhali kuwa ba ya iya karanta rubutun da ke jikin buhun iri.

Abu uku ya kamata kowace ƙungiya ta ƙirga kafin ta saki kobo: yaran da suke garin, yaran da suke zuwa aji, da yaran da suke koyon wani abu. Mutane sukan ɗauka duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne ko kaɗan, tazarar da ke tsakaninsu kuwa ita ce take nuna inda kuɗi ya kamata ya tafi.

Abin da ya faru a 1976

Ba ƙauye kaɗai yake faɗawa cikin wannan rami ba. Gwamnatin Tarayya da kanta ta taɓa faɗawa. A 1974 Janar Yakubu Gowon ya yi shela a Sakkwato cewa za a ba kowane yaro ilimin firamare kyauta. A watan Satumba na 1976, zamanin Janar Olusegun Obasanjo, aka buɗe shirin, wato wanda aka fi sani da U.P.E. Masu tsara shi sun yi lissafi yara wajen miliyan 2 da dubu 300 za su shiga aji ɗaya. Da lokaci ya yi, sai ga yara wajen miliyan 3. Ƙarin dubu 700 ɗin nan ba a gina musu aji ba, ba a horar musu da malami ba, ba a sayo musu allo ko littafi ba. In aka zuba su arba'in arba'in, ɗakuna 17,500 da malamai 17,500 ke nan waɗanda ba su cikin shiri. Iyayenmu da yawa a wannan lokaci suka fara shiga aji. Su ne suke ba mu labarin karatu a gindin mangwaro da cikin majami'u, da 'yan safe da 'yan yamma, da malaman da aka yi musu ɗan gajeren horo aka miƙa musu alli.

Me ya kawo haka? Masu lissafin ba jahilai ba ne, abin da suka ɗora lissafin a kai ne ba shi da ƙarfi. Ƙidayar jama'a ta 1973 ta jawo gardama har gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta soke ta a 1975. Wadda ta rage ita ce ta 1963, ta riga ta tsufa, ita ma kuma ba kowa ya yarda da ita ba. Ga shi yawancin yara ba su da takardar haihuwa. Akan sa yaro ya ɗora hannu bisa kai ya kamo kunnensa na ɗaya gefen, in ya kamo ya isa shiga. Da wannan awo ɗan shekara biyar mai dogon hannu ya shiga, ɗan shekara tara wanda bai sami dama a dā ba shi ma ya shiga. Masu tsari 'yan shekara shida suka ƙirga, iyaye kuwa suka kawo duk wanda ke gida.

Bayan ƙidayar 2006 an shirya wata a 2023, aka ɗage ta. Saboda haka in mutumin ofis yana maganar yawan yaran ƙauyenmu, ƙiyasi yake yi daga nesa. Mu da muke ciki, kwana uku sun ishe mu mu san ainihin adadin.

Gida gida

A raba garin unguwa unguwa, a ba kowace unguwa mutum biyu, namiji da mace. Macen ba rakiya ta zo ba. Akwai gidajen da namiji ba zai wuce zaure ba, uwa kuma ta fi uba sanin shekarun 'ya'ya. 'Yan zumuntar mata sun fi kowa iya wannan aiki. Kafin a fara a gaya wa dagaci da masu unguwa, da limamin gari, da arɗo in akwai ruga kusa, gama makarantar ta kowa ce, ƙirgar da ta tsaya ga 'ya'yan ikilisiya kaɗai kuwa rabin ƙirga ce. A kuma faɗa a fili cewa ba ta haraji ba ce, ba kuma rabon kaya za a yi ba. In mutane sun zaci haraji ne za su ɓoye yara, in sun zaci rabo ne za su ƙara.

A kowane gida a rubuta kowane yaro tun daga na goye har ɗan shekara 15: sunansa, namiji ne ko mace, shekarunsa, yana makaranta ko babu, aji nawa. Shekaru su ne masu wuya. A nemi katin rigakafi na asibiti, a duba littafin da ikilisiya take rubuta jariran da aka miƙa, in duk babu a auna da abin da kowa ya tuna, kamar shekarar da aka naɗa sabon dagaci ko shekarar da ruwa ya cinye gada. Kada a bar ƙanana wai domin ba su isa makaranta ba. 'Yan shekara uku da huɗu da biyar su ne aji ɗaya na shekaru uku masu zuwa, da su za mu san ko gini zai ishe mu tun ranar ba ta zo ba.

Akwai yaran da ƙirga takan tsallake in ba a kula ba: ɗan riƙo, yarinyar da aka kawo reno, yaron da yake daji da shanu tun asuba, kurma, gurgu, da 'ya'yan baƙin da rikici ya koro suka sauka a gefen gari. Mai gida ba ƙarya ya yi ba da bai ambace su ba. An tambaye shi 'ya'yansa, ya faɗi 'ya'yansa. Don haka tambayar da za a yi ita ce, "Yara nawa suke kwana a gidan nan?"

Suna a rajista, yaro a ina?

Kowace makaranta tana da rajista, hedimasta kuma zai nuna ta in an roƙe shi da ladabi. Sai dai rajista tana da hali ɗaya, shiga cikinta da sauƙi, fita da wuya. Yaro ya koma wurin kawunsa a birni, sunansa yana nan. Yarinya an yi mata aure, sunanta yana hawa aji kowace shekara. Dalili kuwa a fili yake. Da yawan suna ake rabon malamai da littattafai, saboda haka ba hedimastan da yake gaggawar goge suna. Wani malamin kuma ba ya kiran suna kullum, sai ran Jumma'a ya zauna ya cike mako duka. Ba zargin kowa muke yi ba. Muna cewa ne rajista tana faɗin wanda ya taɓa zuwa, ba wanda yake zuwa ba.

Maganin wannan shi ne a ƙirga kawuna. Ƙungiya ta zaɓi mutum biyu ko uku masu natsuwa, su shirya da hedimasta cewa za su riƙa leƙowa, amma ban da faɗin rana. Su bi aji aji su ƙirga maza daban mata daban, sau ɗaya da safe, sau ɗaya bayan an komo daga tara. Su rubuta malamai nawa suke cikin aji a lokacin. A yi haka ranar kasuwa da ranar da ba kasuwa, a yi da rani, a yi lokacin shuka da noman farko, a yi da kaka. Zuwa ɗaya ba ya nuna kome, gama wataƙila ranar aka yi rasuwa a gari. Zuwa goma sha biyu a shekara yana nuna abu mai yawa.

Ga misali. Ba na wani gari ba ne, mun tsara shi ne domin a ga yadda lissafin yake tafiya. A ce ƙirgar gida gida ta ba da yara 200 da suka isa firamare. Rajista ta ce 160. Ƙirgar kawuna ta ce 120 a ranar da ba kasuwa, 70 ranar kasuwa. Ɗakuna huɗu ne, malamai huɗu. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare. Wanda ya dubi rajista kaɗai zai ce 160 sun fi ƙarfin ɗaki huɗu, a yi gini a ƙara malami. Wanda ya dubi kawuna zai ga yara 30 ne a kowane ɗaki, ranar kasuwa ma ba su kai 20 ba. Ciwon wannan makaranta ba ƙarancin ɗaki ba ne tukuna. Ciwonta shi ne yara 40 da ba su taɓa shiga ba, da 40 da suna kaɗai suka bari, da 50 da kasuwa take kwashewa kowane mako. In ƙungiya ta zuba ribar shekara cikin bulo da siminti, ta gina wa ƙadangaru ɗaki. In an komo da yaran nan, sa'an nan maganar gini ta taso da hujjarta. A wani garin kuma lissafin zai fito akasin haka, a tarar da yara 80 cunkushe a ɗaki ɗaya kullum. Can gini ne magani, kada a yi jinkiri.

Adadi yana nuna inda za a yi tambaya, amma ba ya ba da amsa da kansa. In mata ne suke raguwa ranar kasuwa, a je a zauna da iyaye mata a kan talla, a ji nawa tallan yake kawowa, ko ƙungiya tana da hanyar rage musu wannan nauyi. In manyan maza ne suke ɓacewa a Yuni da Yuli, mu dubi kanmu, gama mu ne muke riƙe su su ja mana shanun huɗa. In 'yan ƙetaren rafi ne ba a gani a Agusta, kadarko makarantar take bukata, ba benci ba. In aji yana cika da safe ya zama wayam bayan tara, a tambaya ko yunwa ce ko ƙishirwa. Yaron da ya tafi gida shan ruwa da wuya ya komo.

Wani lokaci dalilin yana cikin jikin yaron. A gundumar Busia ta yammacin ƙasar Kenya, daga 1998, aka ba yaran makarantun firamare 75 maganin tsutsar ciki, amma ba a lokaci ɗaya ba. Waɗansu makarantu suka fara, waɗansu suka jira, wannan kuwa ya ba da damar gwada waɗannan da waɗancan. Masu binciken, Edward Miguel da Michael Kremer, ba su dogara ga rajista ba, sun riƙa aika mutane ba zato su ƙirga. Suka tarar fashi ya ragu da wajen kashi ɗaya cikin huɗu inda aka sha maganin, kuɗinsa kuwa bai kai dala ɗaya ba ga yaro a shekara. Masana sun yi ta gardama daga baya a kan girman amfanin, inda tsutsa ba ta da yawa kuma ba za a ga irin wannan ba. Ba cewa muke yi kowa ya ruga ya sayo magani ba. In ƙirgarmu ta nuna fashi mai yawa, iyaye kuma suna ta faɗin ciwon ciki ko fitsarin jini, a kai maganar ga malamin asibiti, shi ya san abin yi. Wani abu kuma da masu binciken suka lura shi ne, yaran sun ƙara zuwa makaranta, amma makinsu na jarrabawa bai tashi ba.

Wa ya iya karatu?

Wannan ita ce ƙirgar da ba a cika yi ba, ita ce kuma ta fi zafi. Iyaye da yawa ba su yi boko ba, sai su dogara ga alamu. Yaro yana tafiya kullum, yana hawa aji, ran Lahadi yana riƙe da littafin waƙoƙi yana rerawa tare da kowa. Ashe da ka yake yi. A buɗe masa shafin da bai sani ba, sai ido ya raina fata.

A ƙasar Indiya wata ƙungiya mai suna Pratham ta fara wani aiki a 2005. Takan aika 'yan sa kai ƙauye ƙauye, gida gida, da 'yar takarda, su gwada yara karatu da lissafi a tsakar gida gaban iyayensu. Rahoton da suke fitarwa ana ce da shi ASER. Ga abin da ya yi ta nunawa shekara bayan shekara: fiye da 90 cikin 100 na yaran ƙauye 'yan shekara 6 zuwa 14 suna da suna a makaranta, amma wajen rabin 'yan aji biyar ba sa iya karanta labarin da aka rubuta domin 'yan aji biyu. Kada mu ce ai can ne. A 2011 aka gwada 'yan aji uku karatun Hausa a jihohin Bauchi da Sakkwato, aka tarar mafi yawansu ba su iya karanta kalma ko ɗaya ba daga ɗan labarin da aka ba su.

Takardar gwajin ba ta fi ƙarfinmu ba. Wani malami ko ɗan sakandare mai kyan rubutu ya sami farin kwali ya raba shi gida huɗu. A gida na fari baƙaƙe goma a warwatse, ba bi da bi ba, gama yaro yakan haddace jerinsu kamar waƙa. A na biyu kalmomi goma gajeru na yau da kullum, irin su ruwa, kaza, tuwo, gona, riga. A na uku jimloli huɗu gajeru. A na huɗu ɗan labari mai layi takwas ko goma wanda aka ƙaga sabo, ba daga littafin aji ba. A zaunar da yaro shi kaɗai a inuwa, a sakar masa fuska, ba bulala ba tsawa, kada kuma a bar yayyensa su tsaya a kansa suna raɗa masa. A fara da jimlolin. In ya karanta su sumul a hau da shi labari. In ya kasa a sauko kalmomi, in ya kasa a sauko baƙaƙe. A rubuta matakin da ya tsaya, shi ke nan: bai fara ba, baƙi, kalma, jimla, ko labari. Minti biyar ya isa yaro ɗaya. Lissafi ma haka, a ga ko ya gane lambobi, ko ya iya ɗebewa mai aro kamar a ɗebe 27 daga 52, ko ya iya rabawa. Inda Hausa ba ita ce harshen gida ba a rubuta harshen da yaron yake ji, gama wani ya iya haɗa baƙaƙen amma bai san ma'anar kalmar ba, wannan kuwa ciwo ne daban. Wanda ya wuce labarin Hausa a gwada shi da na Turanci.

Ina ruwan wannan da kuɗin ƙungiya? A wannan yanki na Kenya da muka ambata, a 1996, an raba wa waɗansu makarantu littattafan karatu, kowa yana zaton maki zai tashi. Da aka auna sai aka ga bai tashi ba, sai ga 'yan tsirarun da dama su ne na gaba a aji. Littattafan da Turanci suke, Turanci kuwa harshe na uku ne ga yawancin yaran, sun fi ƙarfinsu. Littafi abu ne mai kyau, amma littafin aji biyar a hannun yaron da yake matakin baƙi kamar garmar shanu ce a gidan da ba shanu.

Abin da Pratham ta yi da nata lissafin shi ne ta raba yara bisa ga matakin da suka tsaya, ba bisa ga ajinsu ba. 'Yan baƙi wuri ɗaya, ko daga aji uku suke ko aji biyar, 'yan kalma wuri ɗaya, a koyar da su awa ɗaya ko biyu a rana, a sake gwadawa bayan 'yan kwanaki, wanda ya ci gaba a matsar da shi. A jihar Uttar Pradesh an gwada wannan na kwana 50 tsakanin 2013 da 2014, masu iya karanta sakin layi ko labari suka ninka na makarantun da ba a yi ba. An fara gwada dabarar a Jihar Borno a 2018, daga baya ta kai Kano da waɗansu jihohi. To, in gwajinmu ya nuna rabin 'yan aji huɗu suna matakin baƙi, sai ƙungiya ta auna kuɗin bandir na kwano da ɗan kuɗin sabulu da za a ba matasa biyu waɗanda suka gama sakandare, su riƙe ajin yamma na wata uku da rani, a makarantar ko a ɗakin majami'a.

Ga wata ƙirga ƙarama kuma da ta shafi kuɗi. A Yuganda gwamnati takan aika wa kowace makarantar firamare kuɗin hidima bisa ga yawan yaranta. A 1996 aka bi makarantu 250 aka duba abin da ya iso hannunsu daga 1991 zuwa 1995. Kashi 13 cikin 100 ne kaɗai, sauran ya maƙale a ofisoshin gunduma. Sai gwamnati ta fara buga abin da ta aika a jaridu kowane wata, ta kuma sa a riƙa manna shi a allon sanarwa na makaranta. Zuwa 2001 abin da yake isowa ya kai wajen 80 cikin 100. Mu ma duk abin da ya shigo makarantarmu, daga ofis ne ko daga iyaye ko daga ƙungiya, a rubuta shi a manna inda kowa zai gani. Mu fara da namu kuɗin.

Ranar taro

Kada a mai da ƙirga bulalar dukan malami. Malamin da ya ga ana ƙirga domin a kai ƙararsa zai sa yara su haddace kwalin gwajin, ko ya ce wa marasa ƙoƙari su zauna gida ranar. Daga nan adadin ya yi kyau, amfaninsa kuwa ya mutu. A sa hedimasta da malamai cikin aikin tun farko, su ne kuma za su fara ganin sakamako kafin taro. Yawancinsu sun daɗe da sanin abin da ƙirgar za ta nuna, mai saurare ne ba su samu ba. In kuwa ta nuna akwai malamin da ba a gani sai ƙarshen wata, wannan ma gaskiya ce, a faɗe ta inda ya kamata, ba a bakin kasuwa ba. Sunayen yara su tsaya cikin littafin magatakarda. A taro adadi kaɗai za a faɗa. Uba ko uwa da ke son sanin na ɗansu su zo a gaya musu a keɓe, a kuma roƙe su kada su doke shi.

'Yan ƙungiya da yawa ba sa karanta lamba, saboda haka kada a tsaya ana karanto musu kashi kaza cikin ɗari. A shimfiɗa tabarma a kawo ƙwayar masara, ƙwaya ɗaya yaro ɗaya, fara ga mata, ja ga maza. A tara dukan yaran garin tsibi guda. A ja waɗanda ba su shiga ba gefe. A ja masu suna ba zuwa gefe. Cikin sauran a ware masu karanta labari. Tsohuwar da ba ta taɓa riƙe fensir ba za ta ga tsibin da ya fi girma, tana kuwa da abin faɗi a kansa. Sa'an nan a kawo shawarwarin nan na kwano da benci da malami, a tambayi kowace ɗaya: wane tsibi za ta rage, da ƙwaya nawa, a kan Naira nawa? Ba dole adadi ya yi hukunci shi kaɗai ba. In bango yana shirin faɗo wa yara, a gyara bango ko lissafi ya ce me. Amma wanda yake so a bi tasa, sai ya nuna tsibinsa.

Abin da ya fi ƙarfin ƙungiya a kai shi gaba. A miƙa kofe ga kwamitin kula da makaranta, a kuma rubuta wa sakataren ilimi na ƙaramar hukuma. Takardar da ta ce "muna fama da ƙarancin malamai", irinta ɗari ne a kan teburinsa. Wadda ta ce yara kaza ne a aji ɗaya, mun ƙirga su ran kaza da ran kaza, malami ɗaya ne, 'yan shekara biyar kaza kuma suna tafe baɗi, ta fi wuyar turawa ƙarƙashin fayil.

Lokacin da ya fi dacewa da ƙirgar gida gida shi ne bayan an gama sussuka, kafin samari su tafi cin rani. Gwajin karatu a yi shi sau biyu, farkon shekarar karatu da ƙarshenta, da kwali biyu masu wuya ɗaya amma kalmomi daban, in ba haka ba ba za a san ko abin da aka kashe wa kuɗi ya yi aiki ba. Kayan aikin kuwa babban littafin rubutu ne guda ɗaya mai bango mai ƙarfi, da rula, da biro, da kwalin nan biyu. Littafin ya zauna wurin magatakarda tare da na bashin taki, in an sake zaɓe ya miƙa su tare ga wanda ya gaje shi.